Fili Ɗaya, Dillalai Biyu: Rikicin Kwamfutoci a Kan Babban Faifan Ajiya

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin tace bidiyo ko shagon ɗaukar hoto ya san lokacin nan da gaban kowa ke faɗuwa. An kawo faifan ajiya mai tera huɗu ko takwas, cike da aikin wata uku: bikin aure, karatun azumi, shirin da ake jira a gidan talabijin. Jiya an yi aiki da shi lafiya lau a wata kwamfuta. Yau an jona shi a wata, sai ga sanarwa ta fito cewa sai an yi wa faifan nan fomatin, wato a share shi a sake tsara shi, kafin a iya amfani da shi, ga kuma maɓallin amincewa a gabanka. Wani zai ce faifai ya mutu. Wani ya ce bairos ne. Wani kuwa, mai gaggawar cikinsu, hannunsa ya riga ya kai kan linzami.

A mafi yawan lokuta babu abin da ya sami faifan. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ta biyun ce, ko Windows ko macOS ko Linux, ta duba rubutun da ke farkon faifan, ba ta iya karanta shi ba, sai ta ɗauka babu kowa a gidan. Ni a ganina kwamfutar da ta ce ba ta gane ba, ta tsaya cak, ta yi wa mai faifai adalci. Wadda ke cinye aikin mutane ita ce wadda ta gane rabi, ta ɗauka ta gane duka, ta ci gaba da rubutu. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma kusan duk asarar da ake yi a wannan fage daga nan take fitowa.

Shi faifai bai san fayil ba, bai san folda ba. Abin da ya sani gurabe ne a jere, kowanne da lambarsa, daga sifili har ƙarshe, kuma shekaru da dama girman kowane gurbi bayit 512 ne. Ka ce ya ba ka abin da ke gurbi kaza, ya ba ka. Ka ce ya rubuta a gurbi kaza, ya rubuta, ba ya tambaya ko akwai kayan wani a wurin. Kamar makeken fili ne da aka yanka fuloti-fuloti aka kafa duwatsun awo. Fili ba ya magana. Takardu ne ke magana a madadinsa, kuma iri biyu ne. Akwai taswirar rabo, mai cewa daga nan zuwa can unguwa guda ce. Akwai kuma littafin rajista na kowace unguwa, mai cewa fuloti kaza na wane ne, fuloti kaza kuma ba shi da mai shi. A kwamfuta, ta farkon ita ce teburin rabo, na biyun shi ne tsarin fayil. Abin lura shi ne dukansu a cikin filin aka binne su, a kan guraben faifan. Wanda ya yi rubutu a inda bai kamata ba, yana iya shafe takardun kansu.

Tsohuwar taswirar rabo sunanta MBR, ta fito a 1983 tare da manhajar DOS ta kwamfutocin IBM, a zamanin da faifai mai megabayit 10 babban abu ne. An ware wa lambar gurbi wuri mai bit 32 (bit shi ne sifili ko ɗaya da kwamfuta ke ƙirge da su), wato ba za ta iya ƙirga abin da ya haura gurabe 4,294,967,296 ba. Ka ninka wannan da bayit 512, sai ka sami kusan tera 2.2. Nan iyakar take. Shekara ashirin da 'yan kai babu wanda ya damu, sai da faifai masu tera 3 suka shigo kasuwa a 2010. Magajiyarta ita ce GPT, wadda ta taso daga aikin kamfanin Intel a ƙarshen shekarun 1990. Tana ƙirga gurabe da bit 64, iyakar da babu faifan da ya kusance ta, kuma tana ajiye kwafin kanta a ƙarshen faifai saboda tsaro.

Akwai wata hikima da masu tsara GPT suka yi wadda ta cancanci yabo. Sun san tsofaffin kwamfutoci za su ci karo da faifan da ba su iya karantawa ba, sai suka bar wata MBR ta jeka-na-yi-ka a gurbin farko, wadda ke shelar cewa faifan nan gaba ɗaya yana da mai shi, kuma irin rabon da ba ki sani ba ne. Allo ne aka kafa a bakin fili don baƙo ya san ba kango ba ne. Shi ya sa Windows XP mai bit 32, da ba ta taɓa iya karanta GPT ba, idan aka jona mata irin wannan faifai sai ta nuna shi a matsayin ɓangaren da aka kare, ta ƙi buɗe shi. Mai aiki yana jin haushi, amma kayansa suna nan.

Inda abin ke muni shi ne inda wani sashe na hanyar ya iya ƙirge mai tsawo, wani sashen bai iya ba. Tsakanin manhaja da faifai akwai matakai: direba, wato ƙaramar manhajar da ke magana da na'ura, katin da ke kan allon kwamfuta, da ƙaramar na'urar da ke cikin kwanson USB, wanda masu gyara ke kira kes. Ya isa a ce ɗaya daga cikinsu ya tsaya a bit 32. Mutane da yawa sun sayi faifai mai tera 3 suka ga kwamfuta tana nuna musu giga 746 kacal. Lambar ba ta banza ba ce: ita ce ragowar da ta saura bayan an cire iyakar MBR daga girman faifan, kamar mitar mota da ta cika ta koma sifili ta ci gaba da ƙirga. To ka duba abin da zai faru idan ƙirgen ya zagayo haka a lokacin rubutu. Faifai na ta aiki wata da watanni, ana zuba masa kaya, har ranar da aka tsallake iyakar. Daga nan rubutun da aka nufa da can gaba sai ya sauka a farkon faifai, daidai inda taswira da rajista suke. Babu sanarwa, babu gargaɗi. An taɓa ganin irin wannan tun farkon shekarun 2000 a kan iyakar giga 137, lokacin da ƙirgen ya kasance bit 28. Matsalar ɗaya ce, lambar ce kawai ta girma.

Wata dabara da masu ƙera faifan waje suka yi a wancan lokaci ta bar tarko wanda har yau yake kama mutane. Suna son sayar da faifai masu tera 3 da 4 ga masu Windows XP, waɗanda sai MBR. Tunda ba za a iya ƙara yawan gurabe ba, sai suka ƙara girmansu: na'urar da ke cikin kwanso tana gaya wa kwamfuta cewa kowane gurbi bayit 4,096 ne, alhali faifan da ke ciki yana amsawa ne da 512. Da wannan sai iyakar MBR ta ninka sau takwas, kowa ya yi aikinsa cikin kwanciyar hankali. Sai ranar da kwanson ya lalace, ko bakin USB ɗinsa ya karye, abin da ke faruwa kullum. Mai gyara ya fasa kwanso, ya ciro faifan da lafiyarsa, ya jona shi kai tsaye ko ya saka shi a wani kes na kasuwa. Taswirar ta ce unguwa ta fara daga gurbi na kaza, amma da wancan babban ma'aunin aka auna. Yanzu ana aunawa da ƙarami, sai kwamfuta ta je wurin da ya gaza inda ake nufi sau takwas, ba ta tarar da rajista ba, ta ce a yi fomatin. An rubuta takardar fili da kamu, an zo ana auna shi da taƙi. Ko bayit ɗaya bai ɓace ba, kuma maganin shi ne a sami kwanso irin na farkon ko a sa manhajar ceto da ta san wannan lissafi. Amma mutum nawa ne suka san haka kafin su danna?

A gefe guda, akwai wani saɓani da ba shi da haɗari amma yana jawo zargi. Faifan da aka rubuta tera 4 a kwalinsa, Windows za ta nuna 3.63, Mac kuma ta nuna 4. Ba a cuci kowa ba. Masu ƙerawa suna ƙirga da dubu-dubu, haka ma Mac tun 2009, Windows kuwa da 1,024 take ninkawa.

Idan an tsallake taswira, sai littafin rajista, kuma a nan kowane gida da rubutunsa. Windows tana amfani da NTFS tun 1993. Apple ta daɗe a kan HFS+ tun 1998, ta koma APFS a 2017. Yawancin Linux suna kan ext4, wanda ya kammala a 2008, ko XFS. Windows ba ta karanta APFS, ba ta karanta ext4 kai tsaye, kuma ita ce ke fito da waccan sanarwa ta fomatin. Mac tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kansa sai an saka mata direba daga wasu kamfanoni irin su Paragon ko Tuxera. Linux ta daɗe tana rubutu a NTFS ta hanyar wani direba mai suna NTFS-3G, sannan a 2021 aka shigar da sabon direba cikin zuciyarta, wato ginshiƙin manhajar, a sigar 5.15. Wannan rashin jituwa ba wai ilimi ne ya gagara ba. Microsoft ba ta taɓa wallafa cikakken bayanin NTFS ga kowa ba, masu Linux da bin diddigi da gwaji suka gano shi, kuma kowane kamfani ya fi son abokin cinikinsa ya zauna a cikin katangarsa. Tsohon FAT32 na 1996 shi ne kusan kowace na'ura ke karantawa, har talabijin da rediyon mota, sai dai fayil ɗaya ba ya wuce giga 4 a cikinsa. Ga mai bidiyo wannan ba komai ba ne, ɗaukar rabin sa'a ma na iya haura shi. Shi ya sa za ka ga faifai da sauran wuri fal, amma kwamfuta na cewa fayil ya yi masa girma.

Maganin da kowa ke bayarwa yanzu shi ne exFAT. Microsoft ta fito da shi a 2006, Mac ta fara karɓarsa a 2010, kuma bayan da Microsoft ta wallafa bayaninsa a watan Agustan 2019 ya shiga zuciyar Linux. Yana ɗaukar manyan fayiloli, kowa na karantawa, kowa na rubutawa. Shawarar ba ta da laifi, amma ana ba da ita ba tare da faɗin abin da aka rasa ba. NTFS da ext4 da HFS+ na zamani suna da kundin niyya: kafin su taɓa rajista sai su rubuta a gefe cewa ga abin da za su yi, idan aka katse su a tsakiya, da dawowa sai su duba kundin su ƙarasa ko su warware. APFS na da tata hanyar, ba ta rubuta sabo a kan tsoho sai ta tabbatar sabon ya zauna. A exFAT irin wanda kwamfutocinmu ke amfani da shi babu wannan kariya. An yi shi ne don filash da memori, inda yawan rubutu ke tsufar da na'ura. A ƙasar da wuta ke tsayawa, wannan ƙaramin rauni ne. A wurinmu, inda ake ɗauke wuta ba sallama, janareta na shaƙewa, babban faifan tebur kuma da wutar soket yake aiki, rauni ne babba. Ina ganin exFAT jaki ne na ɗaukar kaya daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Wanda ya mayar da shi rumbu, ya zuba masa aikin shekara ba kwafi a wani wuri, ya jingina da abin da ba a gina shi don jingina ba.

Ko NTFS ɗin ma yana da nasa sharaɗi idan ana yawo da shi. Tun daga Windows 8 a 2012, kashe kwamfuta ba cikakken kashewa ba ne. Don ta tashi da sauri, Windows takan adana halin da zuciyarta ke ciki, har da abin da ta tuna game da faifan da ke jikinta. Idan a wannan tsakanin aka buɗe faifan da Linux a kwamfutar da ke da manhaja biyu aka yi rubutu, Windows za ta farka da tsohon tunani a kan rajistar da ta riga ta canza. Masu NTFS-3G sun san haka, shi ya sa idan direban ya ga alamar Windows barci take yi, yakan buɗe faifan don karatu kawai. Mutane kan nemi hanyar tilasta shi. Gara a koma Windows ɗin a kashe wannan tsari na tashi da sauri.

Duk abin da na faɗa zuwa nan a kan faifan da ake karɓa-karɓa ne, yau a nan gobe a can. Babbar magana tana zuwa ne idan kwamfutoci da dama suna son taɓa faifai ɗaya a lokaci guda, kamar yadda ake yi a bankuna, jami'o'i, gidajen talabijin da cibiyoyin ajiyar bayanai. Hanyoyi biyu ne, kuma wanda bai bambance su ba zai yi kuka. Ta farko ana kiranta SAN. A nan babbar ma'ajiya ce mai faifai da yawa take yanko wani kaso ta miƙa shi ta waya, ko ta Fibre Channel ko ta iSCSI, a matsayin gurabe tsirara. Kwamfutar da ta karɓa tana ganinsa tamkar faifan da ke cikin cikinta. Kuma ma'ajiyar za ta iya nuna wa kwamfuta biyu ko goma kaso guda. Ganin haka sai mai kula da na'urori da bai goge ba ya ce ai shi ke nan, a yi masa NTFS, kowa ya jona.

Ranar farko komai zai yi kamar yana tafiya, kuma wannan ne mugun abin. NTFS da ext4 da APFS duka an gina su ne a kan zato guda: ni kaɗai ke riƙe da littafin nan. Saboda sauri, kowace kwamfuta tana kwafe sassan rajista cikin ƙwaƙwalwarta, musamman jerin guraben da babu kowa, tana aiki da kwafin, ba ta komawa faifai ta sake dubawa, don a saninta babu mai canza shi sai ita. Kwamfuta ta ɗaya ta ga gurabe kaza babu kowa, ta zuba bidiyo. Ta biyu, da nata tsohon kwafin, ta ga guraben nan babu kowa, ta zuba takardun albashi. Dillalai biyu ke nan, kowa da littafinsa a aljihu, sun sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu, kuma kowanne yana da gaskiya a bisa littafinsa. Sai wani ya ajiye fayil, abokin aikinsa ya duba bai gani ba. Sai folda ta buɗe babu komai. Sai a kira manhajar gyaran faifai, ita kuma aikinta ta daidaita rajista, ba ta san waye mai gaskiya ba, sai ta yanke duk abin da ya ci karo ta watsar. Gyaran gangar Abzinawa. Idan kuwa manhajojin daban-daban ne, abin ya fi sauri: ya isa wata Windows ta ga kason da Linux ke aiki a kai, ta ɗauke shi sabon faifai, wani ya amince a rubuta masa sabuwar taswira. Saboda haka ne masu wannan sana'a suke killace kowane kaso, ma'ajiya ba ta nuna shi sai ga kwamfutar da aka rubuta sunanta.

Akwai tsare-tsaren fayil da aka yi musamman don haɗaka: VMFS na VMware, GFS2 na Red Hat, OCFS2 na Oracle, CSV na Microsoft da ya zo da Windows Server 2008 R2, da Xsan na Apple wanda aka gina a kan StorNext, masu harkar fim suka daɗe suna amfani da shi. Hanyoyinsu sun bambanta, amma manufa ɗaya ce, kada kowa ya taɓa rajista sai da izini. A Xsan da StorNext an naɗa kwamfuta guda magatakarda, ita ke raba gurabe, sauran su je su yi rubutu inda aka nuna musu. A GFS2 kwamfutocin ne ke miƙa wa juna makulli. Tambayar da ta fi wuya ita ce: idan mai riƙe da makulli ya yi shiru fa? Ya mutu ne, ko wayar sadarwarsa ce ta tsinke yana can yana ci gaba da rubutu? Babu hanyar sani daga nesa. Don haka irin su GFS2 suka zaɓi hukunci mai tsauri: sauran kwamfutocin su yanke wa mai shirun wuta ko su toshe hanyarsa zuwa ma'ajiya kafin kowa ya ci gaba. A kashe na'ura mai lafiya bisa zato ya fi sauƙi a kan a bar marubuta biyu a littafi ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna nauyin matsalar. Kuma yawancin waɗannan tsare-tsare na gida ɗaya ne. GFS2 ba ya hulɗa da Windows, VMFS sai injinan VMware.

Hanya ta biyu ita ce NAS, kuma ita ta dace da yawancin ofisoshi da ɗakunan aiki. A nan na'ura guda ce ke mallakar faifan, ita kaɗai ke riƙe da rajista, a tsarin da ta ga dama. Sauran ba sa ganin gurabe ko kaɗan. Suna aiko da buƙata ne ta waya: ba ni fayil kaza, ajiye mini wannan. MBR da GPT da NTFS duk sun fita daga lissafinsu. Harsunan da ake wannan magana biyu ne fitattu: NFS da kamfanin Sun ya fito da shi a 1984, da SMB na duniyar Windows, wanda Andrew Tridgell na Ostareliya ya buɗe wa sauran manhajoji ƙofarsa da Samba tun 1992. Ita ma Apple tun 2013 ta fifita SMB a kan tsohuwar hanyarta.

Rikicin bai ƙare ba, ya dai tashi daga faifai ya koma harshe. A watan Mayun 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi ta wata ɓaraka a tsohon SMB na farko ta kama kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har ta tsayar da aiki a asibitocin Birtaniya. Daga ƙarshen shekarar Microsoft ta fara daina saka wannan tsohuwar siga a Windows 10, Samba ma ta kashe ta a 2019. Nan take tsofaffin akwatunan NAS, da injinan sikana masu tura takarda cikin folda, da rawuta, wato na'urorin raba intanet, masu bakin USB, suka ɓace daga idon sababbin kwamfutoci, domin wancan tsohon harshe kaɗai suka iya. Kasuwanninmu kuwa cike suke da irin waɗannan na'urori na gwanjo. Akwai maɓallin da ke dawo da SMB na farko, ana ta koya wa mutane shi, kuma yana aiki. Ban yarda da shi ba a ofishin da ke da bayanan jama'a, garin neman gira ne za a rasa ido. Haka kuma sigar Windows 11 ta 2024 ta ƙara tsaurara sharaɗi, tana neman sa hannu, wato hatimin tabbatarwa, a kan saƙonnin SMB, ta kuma daina yarda da shiga a matsayin baƙo ba kalmar sirri a wasu nau'o'inta, sai wasu foldodin da aka daɗe ana shiga suka rufe.

Sai ƙananan saɓani, masu cin rai a hankali. A Linux, Rahoto da rahoto fayiloli biyu ne, a Windows ɗaya ne, don haka wajen kwafi ɗaya na iya hawa kan ɗaya. Malami ya sa wa fayil suna da ɗigo biyu ko alamar tambaya, kamar yadda ake rubuta kan darasi. Linux ta karɓa, Windows ta haramta waɗannan alamomi, sai sunan ya bayyana a birkice ko fayil ya ƙi buɗuwa. Tsofaffin manhajojin Windows suna tsayawa idan cikakkiyar hanyar fayil, wato sunansa haɗe da sunayen foldodin da yake ciki, ta kai haruffa 260. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, tsare-tsaren zamani duka suna adana su daidai, amma babu su a tsofaffin jadawalin haruffa na Turai, don haka idan suna ya bi ta tsohuwar manhajar matse fayil ko tsohon akwati sai ya fito da alamar tambaya a gurbinsu. A Nijar, inda sunayen fayiloli da yawa na Faransanci ne, akwai wata: HFS+ yana raba harafi irin é gida biyu, harafin daban alamar daban, Windows da Linux kuwa sukan rubuta shi dunƙule, sai ka ga fayiloli biyu masu suna iri ɗaya a ido, a wurin na'ura kuma daban. Batun izini ma haka yake. Tsohon NFS da lamba yake gane mutum, ba da suna ba. Mai amfani na farko a Mac lambarsa 501, a yawancin Linux 1000, sai mutum ɗaya ya zama baƙo ga kayansa, ko wani can mai lamba iri ɗaya ya gaje su.

Duk da waɗannan, da za a tambaye ni a ɗakin aiki mai kwamfuta uku ko biyar masu manhaja daban-daban, NAS zan ce, da batirin tsare wuta a jikinsa, da kwafi na biyu a wani faifan da ba a jone yake kullum ba. Saɓaninsa yana fitowa fili: folda ta ƙi buɗuwa, suna ya birkice, a gani a gyara. Kuɗin da ake biya shi ne sauri. Wayar gigabit ɗaya ba ta wuce kimanin megabayit 110 a daƙiƙa, abin da faifai guda da aka jona kai tsaye ke iya zarcewa, don haka masu tace bidiyo mai nauyi sai sun hau waya mai gigabit 10, ko kowa ya jawo aikinsa cikin kwamfutarsa ya mayar idan ya gama.

Shi kuwa wancan faifai da aka jona aka ga sanarwar fomatin, a janye hannu daga linzami, a rufe sanarwar, kada a bar kowace manhajar gyara ta taɓa shi. A mayar da shi kwamfutar da ta yi rubutu a kansa na ƙarshe, da kwansonsa na asali da wayarsa. Idan ya buɗe a can, a kwashe komai zuwa wani faifan tukuna, a buɗe fayiloli da dama a tabbatar sun kwafu lafiya, sannan a zauna a yanke shawarar taswira da tsarin fayil ɗin da duk kwamfutocin ɗakin suka iya karantawa.